Wata Uku Nesa da Wuta

A dangin mijinta 'Yar Madubi ake ce mata, kuma ba kwalliya ce ta jawo mata sunan ba. Aiki take yi a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti, inda take wuni sunkuye a kan madubin likita, na'urar nan da ke mayar da ɗigon jini ya zama gari guda da mutanensa. Da tsokana aka fara kiranta haka, ita kuwa ta karɓi sunan ta ɗaura shi kamar sabon ɗankwali. Akwai wani sunan kuma da ba a faɗa a gabanta, sai in ta juya baya. Juya. Shekara shida da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Ɗakin aikin siriri ne, taga ɗaya gare shi can sama, da firji mai gurnani kamar tsohuwar mage, da tayil farare waɗanda ɗaya ya tsage ta kusurwa. Su biyu ne a ciki, ita da shugabarta, wata dattijuwa mai gilashi a karan hanci da kowa ke kira Anti. Jini da fitsari su ne abincin yau da kullum. Amma kusan kowane mako sai wani namiji ya leƙo ta ƙofar baya, yana waige-waige, ya miƙo 'yar kwalba a naɗe cikin takarda, sau da yawa ya ce ta abokinsa ce. Anti takan karɓa ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ce a gaishe da abokin.

Wannan gwajin 'Yar Madubi ta fi so, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sai a bar maniyyin ya yi rabin awa ya tsinke, a ɗiga kaɗan a kan gilashi, a kunna fitila daga ƙasa. Daga nan ɗakin yakan ɓace mata. Sai ta ga wani farin tafki mai zagaye, cike da 'yan mitsi-mitsin halittu masu kai da wutsiya, kowanne yana iyo da gaske kamar an aike shi. Wasu suna tafiya sak, wasu suna zagaye wuri ɗaya kamar wanda ya manta abin da ya fito nema, wasu sun kwanta. Takan ƙirga su gida-gida, tana danna maƙirgi da babban yatsa, amma rabin hankalinta yana can cikinsu, yana iyo.

Ta san hanyar da suka biyo kafin su iso gabanta. Tun a makarantar koyon aikin lafiya ta haddace ta, ranar da malami ya rataya babban zane a allo, 'yan mata suka dinga rufe baki da littafi, ita kuwa ta zauna a layin gaba ta zuba wa zanen ido. A cikin maraina ake ƙera su, cikin wasu siraran bututu da aka naɗe kamar zare a ƙwarya, kuma sai ƙwaya ta yi kwana saba'in da 'yan kai kafin ta cika halitta. Daga nan ta shiga wata murɗaɗɗiyar hanya da ke manne a bayan kowane maraini, wadda in da za a warware ta sai ta fi tsawon ɗaki, a can take koyon iyo. Sannan wata igiya ta hau da ita cikin mara, ta zagaya bayan mafitsara, inda wasu jakunkuna biyu ke zuba mata ruwa mai sukari na guzuri, ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara ya ƙara nasa, kafin a fito. Ita ce ta zo ta ɗaya a wannan jarrabawar. Har yau in tana cikin motar haya ta ga maza sun cika kujeru suna musu kan ƙwallo, sai ta tuna kowannensu yana ɗauke da masaƙa mai aiki dare da rana, bai ma san da ita ba.

Nata jikin kuwa an gama bincike shi. An ɗebi jininta a ranakun da ake ɗiba, an shafa mata sanyin man hoto a ciki, an tura rini cikin mahaifa an ɗauki hoton hanyoyinta, gwajin da ya sa ta wuni a dunƙule tana cizon matashi. Kowane likita amsa ɗaya yake bayarwa: babu abin da aka gani, a zo da maigida. Maigida kuwa ba ya zuwa.

Dogo ake ce masa, shi ne mai bakin wuta a gidan burodin da mahaifinsa ya bari. Tanderun na bulo ne, da itace ake hura shi, bakinsa daidai ƙugun mutum. Kafin tsohon ya rasu, ya damƙa wa Dogo dogon shebur ɗin katako da ake zura burodi da shi, ba yayansa ba, domin shi ke da hannun. Yana miƙa damtsensa a bakin tanderu ya san ko wuta ta yi. Yaya yana can ɗakin kwaɓi na baya, inda fanka ke juyawa, yana da mata da 'ya'ya biyar. Shekara goma sha huɗu Dogo yana tsaye a wannan bakin, cikin wandon jins mai kauri da gaban fata da yake ɗaurawa saboda tartsatsi. Mutum ne mai sanyin hali, yana dawowa gida da ƙamshin ɓawon burodi a wuyansa, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Amma in ta kawo zancen gwaji sai ya yi dariya ya ce ita ce shaida lafiyarsa ƙalau. Ta sha gaya masa cewa ƙarfin namiji daban, iri daban, ruwa yana iya zuwa cike da kofi babu ko ƙwaya ɗaya mai rai a ciki. Sai ya ce boko ya yi mata yawa, ya ja hancinta, zance ya mutu.

Inna, uwar mijin, ba mai zagi ba ce, da ma zagi take yi da abin ya fi sauƙi. Ajiyar zuciya take yi. In 'Yar Madubi ta durƙusa gaishe ta, sai idon Inna ya sauka a cikinta ya daɗe a wurin kafin ya hau fuska. In matar Yaya ta haihu, ita ake miƙa wa jaririn a ce ta riƙe ko Allah zai sa a dace. Tana riƙewa, kanta a miƙe, ta yi masa wasa, ta mayar. Ba ta taɓa bari an ga hawayenta a gidan ba. In ya zo mata, sai ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ta fito da sabon kwalli.

Ranar da abin ya juya, sun je gaishe da Inna da yamma, sai ta kawo labarin wani sabon likitan mata da aka ce yana wanke mahaifa, har ta sa an karɓo musu rana. 'Yar Madubi ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

"Inna, ku yi haƙuri," ta ce. "Ba zan ƙara hawa gadon kowa a buɗe ni ba."

Inna ta dubi ɗanta, ɗan ya dubi silin. A hanyar gida tana bayansa a kan babur, iska tana kaɗa mata gyale. Sai da suka tsaya a danja ya ɗan karkato da kai, ya ce da murya ƙasa-ƙasa ta kawo masa kwalbar tasu, ya gani ko za a huta.

Ta kawo. Ta yi masa bayani kamar yadda take yi wa baƙi: ya ƙaurace kwana uku, ya rufe murfin da kyau, ya sa a aljihun rigarsa na ƙirji, ya iso kafin awa guda ta cika. Anti zai ba wa, domin ƙa'idar aiki ba ta yarda ta gwada na mijinta ba. Ya ce ya ji, in sakamako ya fito ita ta karɓo masa, shi ba zai iya haɗa ido da tsohuwar nan sau biyu ba.

Ya zo da hantsi, da akwatin rabon burodi ɗaure a bayan babur. Ta hango shi ta ƙofar baya ya miƙa wa Anti kwalbar a cikin ambulan, ya juya da sauri kamar wanda ya taka garwashi. Anti ta ajiye ambulan ɗin a kan benci ta ci gaba da jinin wata mai ciki. Da lokaci ya yi ta ɗiga, ta sunkuya. 'Yar Madubi tana wanke gilasai a sinki, tana kasa kunne. Maƙirgi bai yi ƙara ko sau ɗaya ba.

"Zo, 'yata," in ji Anti. "Ke ma ma'aikaciya ce."

Tafkin yana nan, fari, zagayayye. Suna nan a ciki, ba su da yawa, amma suna nan. Babu mai motsi. Kamar garin da barci ya kama mutanensa a tsakiyar hanya, kowa ya kwanta inda yake, wutsiyoyi a miƙe. Ta matsar da gilashin hagu, ta matsar dama, ta bi gida-gida tana neman ko ɗaya da zai kaɗa jela. Anti ta ɗiga jan rinin da ake bambance mai rai da matacce, domin matacce ne kaɗai ke shan rinin. Duk suka yi ja, kamar an watsa furanni a kan ruwa.

Anti ta rubuta abin da ta gani, ta sa hannu, ta tuna mata cewa gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, a sake bayan mako biyu. 'Yar Madubi ta gyaɗa kai. Ita ma haka take gaya wa mutane. Ta linke takardar gida huɗu ta sa a aljihun jakarta na ciki, ta ja zif.

Shekaru tana mafarkin wannan takarda. Ta sha ganin kanta, ido biyu, tana shiga falon Inna da farar rigarta ta aiki, ta shimfiɗa takardar a kan tebur, ta karanta musu layi-layi da Turanci sannan ta fassara, ta juya ta fita ana jin ƙarar takalminta. Ga shi takardar ta zo, ta fi wadda ta yi mafarki kaifi, amma hannunta ya ƙi zuge zif ɗin. In ta dubi Dogo yana wanke hannu a bakin famfo, gashin damtsensa duk wuta ta cinye, sai ta ga jan tafkin nan yana lilo a tsakaninsu. Shi bai tambaya ba. Ya dai ƙara yawan surutu, yana ba ta labarin fulawa da itace da wani direba mai satar burodi, yana satar kallon jakarta.

A kwana na biyar ta kai wa Inna maganin hawan jini. Inna ta zaunar da ita ta yi mata nasiha mai tsawo a kan taurin kai, ta ce mace ba ta gajiya da neman magani, ta ce ɗanta mai haƙuri ne amma haƙuri yana da gefe. Jakar tana kan cinyar 'Yar Madubi. Ta ɗora tafin hannu a kai tana jin kusurwar takardar ta cikin fata. Ta ce, "To, Inna." Da ta fito sai ta ƙi hawa mota, ta taka da ƙafa har gida, ta bi ta gaban masu walda da shagon ɗinki da makarantar yara ana tashi, komai yana wucewa ta gefenta kamar a ƙarƙashin ruwa.

Kwana tara takardar ta yi a jaka. Ranar ta goma ba ta da aiki, Dogo ya dawo cin abincin rana, ta zuba masa ta zauna tana kallonsa. Ya ci loma uku, ya ajiye cokali, ya ce shi fa ya san duk abin da takarda za ta ce, ba daga wajen kula ba ne, domin ya kula da mutanen nan yadda ya kamata. Ta tambaye shi wace irin kula. Sai ya gyara zama, da alamar mai jiran yabo. Ya ce da ya fito ranar akwai iska, ya lissafa cewa aljihun riga a kan babur ba wurin ajiye abu mai rai ba ne, kafin ya iso sanyi ya kama su. Shi kuwa in akwai abin da ya sani a duniya, to riƙe ɗumi ne.

"Sai na buɗe akwati," ya ce. "Burodin fitowarsa ke nan daga wuta, ko taɓuwa ba ya yi. Na raba manya guda biyu, na kwantar da kwalbar a tsakiya, na lulluɓe da tawul. Madubi, da na ciro ta sai da na canja hannu."

Ta dube shi. Sai dariya ta taso mata tun daga mara, irin wadda ba ta yi ba tun tana ɗaliba, ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, hawaye na zuba, ba ta ko nemi famfo ba. Dogo ya yi tsuru-tsuru, cokali a hannu.

"Ka gasa su," ta ce da ta samu numfashi. "Sarkin wuta, ka gasa 'ya'yanka da hannunka, ka kai wa Anti."

Ta ciro takardar ta ba shi, ta gaya masa abin da ke ciki da kwanakin da ta yi tana ɗauke da ita. Ya daɗe yana kallon rubutun da bai iya karantawa ba. Sannan ta share fuska ta yi masa darasin da bai taɓa yarda ya saurara ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa tunanin me ya sa aka ɓoye zuciya da hanta da ƙoda a cikin jiki, amma aka rataye maraina a waje, a jakar fata siririya, wurin da ko ƙwallo ta same shi sai mutum ya durƙusa. Ta ce domin zafin cikin jiki ma ya yi musu yawa. Sai wurin ya ɗan fi jiki sanyi ake iya ƙera iri. Shi ya sa jakar take sakkowa in ana zafi, ta tattare ta hau in ana sanyi, tana auna wa kanta, ba ta jiran umarnin kowa.

Dogo ya ce, "Kamar yis ke nan. In ruwan kwaɓi ya wuce ɗumi, ya mutu, ƙullu ba zai tashi ba."

Ta ce haka ne. Tana faɗa idonta ya sauka a kan wandon jins ɗinsa, wanda gabansa ya ƙone ya yi fari-fari, daga nan ya tafi kan gaban fatar da ya rataye a ƙusa bayan ƙofa. Shi ma ya bi idonta. Abincin ya huce a faranti.

Gwaji na biyu a aljihun ƙirji ya zo, Dogo yana dafe da shi da hannu ɗaya kamar mai rantsuwa. Wannan karon maƙirgin Anti ya yi magana, jefi-jefi, kamar ɗigon rufin da ke yoyo. Da aka ba 'Yar Madubi wuri ta leƙa, sai ta ga tafkin kusan fayau, amma can gefe ga wani yana ja da ƙyar, ga wani yana kaɗa jela bai bar wurinsa ba, ga wani guda ya ratsa hasken daga wannan gaɓa zuwa waccan, a hankali, ya fice. Ta bi shi da gilashin har ya ɓace mata.

Likitan maza ya duba Dogo a bayan labule, ya ce babu kumburin jijiya, babu wata cuta da ya gani. Ya tambayi sana'arsa, da aka faɗa masa sai ya cire gilashi ya murza ido. Ya ce waɗanda ake gani yau tun wata biyu da rabi da suka wuce aka fara ƙera su, saboda haka duk gyaran da za a yi sai bayan wata uku za a ga amfaninsa. Ya ce Dogo ya bar bakin wuta ɗungurungum na wata uku, ya sa tufafi sakakku, sannan a sake gwaji. Ya ƙara da cewa bai yi musu alkawarin komai ba.

A nan aka zo wurin da ya fi gwajin wuya. Barin bakin wuta yana nufin miƙa wa Yaya shebur, kuma Yaya da Inna za su tambayi dalili. Dogo ya kwana biyu yana juya abin, ranar ta uku da safe yana ɗaura takalmi ya ce ya samo mafita: zai ce ciwon baya ne, likita ya hana shi tsayuwa. Ya ce ita ma in an tambaye ta sai ta ce haka, tunda maganarta ta asibiti ce, za a yarda.

Tana guga farar rigarta. Ta kafa dutsen gugar a tsaye.

"Takardarka ce, sirrinka ne," ta ce. "Aikina ya hana ni faɗa, kuma ko bai hana ba, ba zan tsaya a gaban mahaifiyarka in tone ka ba. Kwana tara na riƙe wadda ta fi wannan muni, ba wanda ya ji. Amma shekara shida ina amsa sunan da ba nawa ba. Ba zan ƙara masa wata uku da bakina ba. In ka ce baya ne, ni dai zan yi shiru."

Ya ce ba ta san yadda abin yake ga namiji ba. Ta ce gaskiya ne, ba ta sani ba, ta dai san yadda yake ga mace. Ta ci gaba da guga. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa, sannan ya ce ta biyo ta gidan burodi kafin ta wuce aiki.

Ta isa ana fitar da zubi na biyu. Gaban shagon ya cika da tururi da ƙamshi, hasken safiya yana shigowa ta ƙofa yana kama ƙurar fulawa a iska, tana yawo kamar ba ta da niyyar sauka. Inna tana zaune a kujerarta ta kullum kusa da teburin ciniki, tana zura burodin da ya huce a leda. 'Yar Madubi ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma gefe ta tsaya da jakarta a kafaɗa. Ta ƙofar ciki tana hango bakin tanderu, ja wur, da Dogo a gabansa, inuwarsa ta hau bango har silin.

Ya fitar da tiren ƙarshe. Ya kwance gaban fatar ya ajiye. Ya ƙwala wa Yaya kira, Yaya ya fito daga ɗakin kwaɓi da ƙullu har gwiwar hannu, Dogo ya taho da shebur ɗin har gaban Inna ya miƙa masa. Ya ce daga yau zuwa wata uku Yaya ne a wuta, shi zai koma kwaɓi.

Yaya bai karɓa ba. Ya tambaya ko lafiya. Inna ta tsaya da burodi rabi a leda.

"Likita ne ya ce," in ji Dogo. "Bayana ne yake..."

Ya tsaya. 'Yar Madubi ba ta dube shi ba, ta kafa ido a kan fulawar da ke yawo cikin haske, tana bin ƙwaya ɗaya. Ta ji ya ja numfashi.

"Ba baya ba ne. Inna, zancen haihuwa ne. An gwada ni sau biyu. Wutar nan ce take kashe min iri. Ita lafiyarta ƙalau, tun farko ma lafiyarta ƙalau."

Itace ya fashe a cikin tanderu. Yaya ya dubi ƙanensa, ya dubi bakin wutar, ya dubi ƙofar ɗakin kwaɓi inda fanka ke juyawa, da alama yana ƙirga 'ya'yansa a zuci. Ya goge hannu a riga ya karɓi shebur ɗin, ya riƙe shi nesa da jikinsa.

"To ni da nake da biyar, ai sai dai wutar ta taimaka min," ya ce. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai nace ba. Ya dafa kafaɗar Dogo ya wuce ciki.

Inna ta koma kan ledarta. Ta ƙarasa zura burodin, ta ƙulle bakin ledar, ta ɗauki wani. 'Yar Madubi ta jira. Ta yi niyyar ba za ta motsa daga wurin ba sai an ce mata wani abu, ko da za ta makara, ko da Anti za ta yi faɗa. Ta tsaya kamar an dasa ta, Inna tana ƙulla leda, Dogo yana tsakaninsu da hannuwa biyu da ya rasa inda zai sa su.

Sai ga wata mai sayen burodi ta shigo, tsohuwar ƙawar Inna ce, da kwando a hannu. Aka gaisa. Matar ta dubi 'Yar Madubi sama da ƙasa, ta ce a'a, amarya ce yau a shago, har yanzu dai shiru? Ta juya ga Inna ta rage murya, amma ba yadda ba za a ji ba, ta ce akwai wata mata da ta sani mai haɗa wa irinsu magani.

Inna ta ɗora mata burodi biyu a kwando.

"'Yata ba ta buƙatar maganin kowa," ta ce. "An duba. Ki gaya wa duk wanda ya tambaye ki ni na faɗa."

Matar ta yi 'yan kame-kame ta fita. Inna ba ta ɗago ba. Ta zaɓi wani burodi daga ƙasan tire, wanda gefensa ya fi gasuwa, ta sa a leda, ta miƙa wa surukarta da hannu biyu.

"Ki kai wa abokiyar aikinki," ta ce. "Ki tafi, kada ki makara."

'Yar Madubi ta karɓa. Ta ce, "Na gode, Inna," ba ta durƙusa ba wannan karon, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Dogo ya rako ta bakin titi yana tambaya ko wandon da zai saya sai ya kai faɗin buhun fulawa. Ta ce ya fi haka ma, kuma ita za ta zaɓa. Motar haya ta tsaya, ta shiga ta zauna kusa da taga.